Shekarar da Gonakin Hanyar Akwanga Suka Ƙone

Kun taso kuna jin maganar nan gutsi-gutsi, a gidan biki da gidan rasuwa, daga bakin mutanen da suke yin shiru idan na shigo. Kun ji an ce uwarku ta ɗauko hoto daga sama ta miƙa yayanta ga hukuma. Nura, kai ka taɓa tambayata kana yaro me ya sa ba ma zuwa Tudun Ƙofa yawon sallah, na ce maka sai ka girma. Ka girma har ka tara iyali ban gaya maka ba. Yanzu da na yi ritaya, idanuna kuma sun fara gajiya, gara in rubuta muku yadda abin ya faru, da bakina.

A shekarun ƙarshe na aikina an mayar da ni wani ƙaramin sashe a ofishinmu na kula da dazuzzuka, aka koya mana karanta hotunan tauraron ɗan'adam. Mu uku ne a ɗakin, da kwamfuta biyu da janareto mai gardama. Aikin ba shi da wuyar ganewa. Akwai tauraron da yake wucewa ta samanmu kullum yana jin zafin ƙasa, duk inda wuta take ci sai ya sa jan ɗigo a taswira. Ɗigon nan ba gona ɗaya yake nunawa ba, fili ne mai faɗi da zai haɗa gonakin mutane da yawa. Idan wutar babba ce har hayaƙinta za ka gani, ka san inda iska ta dosa. Akwai kuma wani tauraron da ba ya zuwa sai bayan 'yan kwanaki, amma hotonsa ya fi fitowa, kana iya gane hanya da rafi da jerin itatuwa, da baƙin tabon da wuta ta bari a ƙasa. Da rani nakan zauna tun safe ina duba ɗigo, in rubuta rahoto, in kai wa oga. Yawancin rahotannin ban san ko akwai wanda ya karanta su ba. Duk da haka ina son aikin. Na yi shekara ashirin da wani abu ina buga wa wasu takardu, sai ga ni ina kallon ƙasarmu gaba ɗaya daga sama.

Kawunku Haruna ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarama, shi ya riƙe gidanmu na Tudun Ƙofa, ya riƙe Inna, ya riƙe gonar gado da ke can ta hanyar Akwanga. A bayan kekensa na fara zuwa makaranta. Mutum ne mai magana a hankali, wanda 'yan unguwa suke kawo wa rigima ya sasanta, kuma har na yi furfura bai taɓa kirana Hauwa ba, sai Kulu. Ina so ku riƙe wannan a ranku kafin ku ji sauran.

Ranar wata Litinin ce, bayan an gama girbi. Riɗi yana jingine a gonaki yana bushewa, doya tana cikin rumfuna ana jiran masu saye. Wuta ta tashi da rana tsaka, iska ta ɗauke ta, kafin la'asar ta cinye gonakin mutane fiye da yadda zan iya lissafa muku. Da kayan gona kawai ta ci, da an yi jaje an haƙura. Amma akwai wani tsoho, Baba Tanko, da yake gadin rumfar doyar 'ya'yansa. Ƙafafunsa ba su da ƙwari. An sami gawarsa tsakanin bukkarsa da rafi.

Washegari bayan an binne shi, samari suka tafi neman wanda ya jawo. Ba su yi nisa ba. A gefen gonakin akwai wani mai ƙona gawayi, Yakubu, mutumin wajen Akwanga ne, Kirista, yana zaune a Sabon Gari da matarsa Rifkatu. Raminsa na gawayi kullum yana hayaƙi, kowa ya saba ganinsa daga titi. Suka same shi a wurin yana duba abin da ya rage na buhunansa, suka doke shi har suka fasa masa ƙafa da icce. 'Yan sanda ne suka ƙwace shi, suka tsare shi, wai don a bincika, wai kuma don kada a ƙarasa shi. Na san mutanen nan. Rifkatu ce take kawo min gawayi duk wata a gidanmu na Angwan Iya, ta sauke buhu a bakin kicin, ta sha ruwa, mu taɓa hira.

Ranar Talatar na ga jajayen ɗigon a ofis, na ga hayaƙin ya miƙe ya yi kudu maso yamma. Abin ya tsaya min a rai, domin ramin Yakubu a can gefen kudu maso yamman yake, wato inda wutar ta ƙare. Wuta ba ta cin gonaki masu yawa haka tana tunkarar iska. Amma na ce bari hoto mai kyau ya zo. Ya zo ranar Alhamis da safe, sama tas, babu gajimare. Tabon ƙunar ya fito baƙi ƙirin, siriri a kai, yana faɗi yana faɗi kamar an buɗe mafici. Na bi shi da yatsa a kan gilashin kwamfutar zuwa inda ya tsuke. A nan na ga jerin mangwaro guda bakwai a bakin wani ƙaramin rafi, shida a layi, ɗaya ya kauce. Mahaifinmu ne ya dasa su. Na ci 'ya'yan na bakwai ɗin nan har cikina ya yi ciwo ina yarinya. Wutar daga kusurwar gonarmu ta fara.

Na buga hoton a takarda, na naɗe, na sa a jaka. Ban nuna wa abokan aikina ba. Da aka tashi daga ofis na hau acaɓa zuwa Tudun Ƙofa. Na sami Yaya a zaure shi kaɗai, ya naɗe hannunsa na dama da ƙyalle. Tun kafin in buɗe takardar na san amsar. Na shimfiɗa ta a kan tabarma, na nuna masa titi, na nuna masa rafi, na nuna masa mangwaron. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya gaya min, ba tare da ya ɗago ba, cewa kara da ciyawa ya tara a kusurwar zai ƙona kamar kowace shekara, ya share gefen da kyau, safiyar ba iska. Yana tsaye iskar ta taso. Ya yi ta bugun wutar da ganye har hannunsa ya ƙone, da ya ga ta tsallake rafi sai ya hau babur ya tafi neman mutane. Kafin ya dawo babu abin da mutum zai iya yi. A jana'izar Baba Tanko yana sahun gaba.

Na ce masa ya je da kansa ya faɗa, tsautsayi ne, kowa ya san halinsa. Na ce akwai mutum a tsare da fasasshiyar ƙafa.

Ya ce, "Kulu, hoton nan ya nuna hannuna?"

Na ce bai nuna ba.

"To ki bar shi a inda ya tsaya. Za su saki mai gawayin, ba su da shaida a kansa. Kin ga abin da suka yi masa. Idan suka zo nan gidan, akwai Inna, akwai mata da yara."

Ba ƙarya ya yi ba. Tsoron nan gaskiya ne, ni ma na ji shi. Inna tana ɗakinta, ashe ta ji komai ta taga. Lokacin ta haura tamanin, ba ta gani sosai, amma kunnenta garau. Ta aika a kira ni. Ta kama hannuna ta riƙe da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta ce ita ba ta san tauraro ba, ba ta san kwamfuta ba, abin da ta sani shi ne ɗa namiji ɗaya Allah ya bar mata. Ta ce abin da Allah ya rufe kada in zama ni ce mai buɗewa. Ta sa na yi mata alkawari. Na ce to, Inna.

Daga nan ne abin da ba ku taɓa ji ba ya fara. Mutane suna ba da labarin kamar na ga hoto da safe na kai ƙara da yamma. Ba haka aka yi ba. Na yi shiru kwana tara. Ƙaramar hukuma ta kafa kwamitin bincike, suka aiko wa ofishinmu takarda suna tambaya ko hotunanmu za su nuna inda wutar ta tashi. Oga ya kira ni, domin ni ce mai kula da wannan yankin. Na dube shi na ce hayaƙi ya rufe wurin, sai an jira hoto na gaba. Ya yarda, bai da dalilin ƙin yarda, ban taɓa yi masa ƙarya ba. Na koma teburina na ci gaba da duba ɗigon wasu garuruwa. Kullum ina gaya wa kaina gobe za a saki Yakubu, shi ke nan kowa ya huta.

Ranar Lahadi bayan sun taso daga coci Rifkatu ta zo gidanmu, ba buhu a kanta. Ta zauna a ƙasa a bakin kicin, na ce ta hau kujera ta ƙi. Ba ta san komai game da hoto ba, ba ta ma san irin aikin da nake yi ba, ta dai san ni ma'aikaciyar gwamnati ce. Ta ce ta kai masa abinci ta ga ƙafar ta kumbura, an ba shi ƙwayar magani amma ba a yarda a fitar da shi ba, saboda samari suna yawo suna cewa duk inda suka gan shi sai sun gama da shi. Ta rantse min ramin nasa a rufe yake da ƙasa ranar, ko tartsatsi bai fita ba.

Ta ce, "Hajiya, ke kin san manya. Ki yi magana mana, ko asibiti ne a kai shi."

Jakata tana rataye a bayan ƙofa, taku uku daga inda take zaune. Na ce mata zan duba abin da zan iya yi. Na zuba mata shinkafa a leda na raka ta bakin titi, na tare mata keke napep.

Babanku ya lura ba na cin abinci. Da ya matsa na gaya masa komai, na nuna masa takardar. Kun san shi, Allah ya jiƙansa, malamin makaranta ne da ba ya son yanke wa mutum hukunci. Bai ce in faɗa ba, bai ce in ɓoye ba. Ya ce jinina ne, ba zai shiga tsakanina da uwata ba, duk abin da na zaɓa yana tare da ni. Amma ya ƙara da cewa shi a nasa ganin alkawarin da aka yi a kan haƙƙin wani ba alkawari ba ne. Na ji haushinsa ranar. Na so ya ba ni umarni, ko wane iri ne, don in sami wanda zan ɗora wa.

Zan so in ce muku tausayin Rifkatu ne ya motsa ni, ko tsoron Allah. Da haka ne da tun ranar Lahadin na tashi. Abin da ya faru ƙarami ne. Ranar Juma'a ta biyu kwamitin ya ce ba zai ƙara jira ba. Oga ya sa aka buga amsa, layi uku, cewa hotunan da ke hannunmu ba su isa a gane asalin wutar ba, ya aiko min in sa hannu. Na riƙe biro na kai shi kan takardar. Shirun na iya, har ƙaryar baki na iya, amma sunana a ƙarƙashin layukan nan ya gagare ni. Na tashi na shiga ofishinsa na ajiye masa hoton, na ce wannan tun Alhamis ɗin makon jiya yake hannuna, gonar da wutar ta fara kuma ta gidanmu ce. Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce zai iya tura wani ya yi bayanin a madadina. Na ce a'a, ni zan je. Bai rubuta maganar jinkirin a ko'ina ba, bai kuma taɓa tayar da ita ba har ya bar aiki.

Kafin in je gaban kwamitin na biya Tudun Ƙofa don Yaya ya ji daga bakina. Yana alwala a tsakar gida. Na gaya masa. Ya gama wanke ƙafafunsa, ya ajiye buta, ya ce, "To, Hauwa." Ya shige masallaci. Kalmar ƙarshe ke nan da ya yi min a duniya.

A gaban kwamitin na faɗi abin da hoton ya nuna kawai: ga inda iska ta fito, ga inda tabon ya tsuke, ga ramin gawayi a can ƙarshe inda wutar ta mutu. Wani dattijo ya tambaye ni ko na san mai gonar, na ce yayana ne. Suka kira shi. Ina so ku sani bai yi musu ba ko sau ɗaya. Ya kwance ƙyallen hannunsa ya nuna musu, ya faɗi komai kamar yadda ya faɗa min. An tsare shi makonni, an kwashe Inna da matan gidan zuwa wurin dangi har ƙura ta lafa. Manyan gari da limamai suka shiga tsakani, 'ya'yan Baba Tanko suka ce sun yafe jinin ubansu tunda ba da gangan ba ne. Gonar gado kuwa ta tafi, aka raba wa waɗanda suka yi asara. Yaya ya fito ya koma gida, amma ba wanda ya ƙara kawo masa rigima ya sasanta, shi ma bai ƙara zama a zaure ba. Ya rame, ya daina fita sai masallaci, a can ma sahun baya.

An saki Yakubu ranar da na yi bayani, aka wuce da shi asibiti. Ƙafar ta riga ta ruɓe. Suka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Samarin da suka doke shi ba a kama ko ɗaya ba. Rifkatu ta zo gidanmu ta durƙusa tana min godiya tana kuka, tana cewa Allah ne ya aiko ni, ta kawo min kaza. Na karɓi kazar.

Na ci gaba da zuwa gaishe da Inna, duk da matan gidan ba sa amsa sallamata. Nakan zauna a bakin gadonta, ta juya fuska bango. Shekara ɗaya da rabi muka yi a haka. Da ciwon ajali ya kama ta, wata rana ina shafa mata man zafi a ƙafa, sai ta ce ta yafe min nonon da na sha, amma maganar Haruna tsakanina da shi ne, ita ba ta da ikon yafe ta. Yaya ya bi ta bayan shekara uku. Na aika masa mutane sau huɗu, har da limamin unguwarsu, kowane ya dawo ya ce ya saurara, bai ce komai ba. Ranar rasuwarsa na zauna cikin mata a tsakar gidan da aka haife ni, masu ta'aziyya suna tsallake ni suna gaishe da na kusa da ni.

Ban rubuta wannan don ku je ku yi jayayya da 'ya'yan kawunku ba. Sun rasa gona, sun ga ubansu ya lalace a gabansu, kuma ta bakina abin ya zo. Idan kun haɗu da su ku riga su gaisuwa, ko sun amsa ko ba su amsa ba. Kada ku bari kowa ya kira kawunku mai kisa a gabanku. Ni kuma kada ku ɗauke ni jaruma. Faɗin da na yi ban taɓa nadamarsa ba. Abin da nake kai wa gaban Allah a kowace sallah shi ne kwanakin da na yi ban faɗa ba.

Bara na tafi Sabon Gari. Yakubu yana da ɗan teburi a bakin wani shagon kayan babur, yana sayar da fetur a kwalba, sandunansa a jingine da bango. Ya tsufa. Rifkatu ta fito da murna ta kawo min benci. Na ce su zauna akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita. Na gaya musu komai, har da jakar da ke bayan ƙofa ranar da ta zo. Rifkatu ta sa gefen zane ta rufe bakinta. Shi kuwa ya juya yana kallon titi, keke da acaɓa suna ta wucewa. Can ya tambaye ni wace rana ce na fara ganin hoton. Na ce Alhamis, kwana biyu bayan an doke shi. Ya yi ta lissafi da yatsunsa a kan cinyarsa.

Ya ce, "Ranar Alhamis ɗin nan ina iya taka ƙafar."

Na ce ya yafe min. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Wani mai babur ya tsaya yana son kwalba ɗaya, ya jawo sandunansa ya miƙe ya zuba masa. Da ya dawo ya zauna sai ya ce wa Rifkatu rana ta yi zafi, ta tare wa Hajiya keke.